CLK GTR: motar tsere da doka ta tilasta aka liƙa wa lamba

"Oga, barka da aiki. Ni yaron gareji ne, shekarata uku ke nan ina koyon gyaran Marsandi. Na ga bidiyon wata mota a waya mai suna CLK GTR, aka ce guda 26 kacal aka sayar a duniya, har an yi gwanjon ɗaya sama da dala miliyan 10. Fitilunta sak na CLK ɗin da muke gyarawa, amma jikinta kamar an danne ta da ƙafa. Shin CLK ce aka yi wa kwaskwarima? Me ya sa kamfani zai kashe kuɗi ya ƙera motoci 'yan ƙalilan haka? Kuma da gaske ana iya hawa titi da ita kamar kowace mota?"

Barka kadai, ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Na ji daɗin yadda ka lura da fitilun nan, domin idon bakanike ke nan. Tambayoyinka uku ne, amma igiya ɗaya ta ɗaure su: wane ne ya nemi a yi motar nan, kuma don me. In ka gane wannan, sauran za su warware da kansu.

Bari in faɗa maka matsayina tun da wuri. Ban taɓa tuƙa CLK GTR ba, ban kuma taɓa sa mata sifana ba, kuma masu gyaranta a duniya ba su da yawa. Abin da hannuna ya sani shi ne uwar injinta, wato M120 mai silinda 12 da ke cikin tsohuwar S600 ƙirar W140. Wannan na kwance shi na ɗaure ba sau ɗaya ba. Tarihin motar da alƙalumanta kuwa sanannu ne ga duk mai bibiyar tseren motoci.

Kama da wane ba ta wane

CLK ɗin da kuke gyarawa, ƙirar W208 da ta fito a 1997, motar gida ce: inji a gaba, bodi na ƙarfe, kujeru huɗu. Abin da ya haɗa ta da CLK GTR bai wuce fitilun gaba masu ido huɗu, fitilun baya, ragar hanci da wasu kayan gaban direba ba. An saka su ne don wanda ya ga motar tsere ta ci gasa ranar Lahadi ya tuna da wadda ke shagon dillali ranar Litinin. Daga nan zumunci ya ƙare.

Cikin CLK GTR babu shasi irin wanda ka sani. Akwai wani kwami guda, kamar kwale-kwale, wanda aka yi da zaren kabon aka yi masa ciki da alminiyam mai siffar saƙar zuma. A cikinsa mutum biyu ke zama. Injin yana bayan direba, an ɗaure shi kai tsaye a jikin kwamin da ƙusoshi, giya kuma tana ɗaure a bayan injin, sannan ƙafafun baya suna rataye a wannan haɗin. Ka lura da kyau: a motocin da muke gyarawa, mota ce ke ɗauke da inji, ana ɗora shi a kan robobi don su shanye girgiza. A nan kuwa injin da kansa wani yanki ne na ƙashin bayan motar. In ka sauke shi, motar ta rabu biyu. Wannan tsari na motocin tseren Formula 1 ne da manyan motocin tseren Le Mans na Faransa, kuma shi kaɗai ya isa ya gaya maka cewa ba daga CLK aka faro ba.

Yadda dokar ta haife ta

Ruwa ba ya tsami banza. A tsakiyar shekarun 1990 akwai gasar motocin da ake kira GT, wato motocin da asalinsu na titi ne, masu kuɗi su saya su gyara su shiga tsere. A 1995 McLaren F1 ta Ingila, wadda Gordon Murray ya zana don titi zalla, da injin BMW mai silinda 12, ta je ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a karonta na farko. Wannan ya tada hankalin sauran kamfanoni. Porsche ta zauna ta karanta littafin doka da idon lauya. Dokar ta ce dole motar tsere ta kasance tana da 'yar'uwa da ake sayarwa don titi. Ba ta ce wacce za a fara ƙerawa ba. Sai Porsche ta juya abin: a 1996 ta ƙera motar tsere tsantsa, 911 GT1, sannan ta yi 'yan kaɗan masu lamba don cika sharaɗi.

A daidai lokacin Mercedes-Benz ta tsinci kanta ba filin wasa. Gasar da take fafatawa a ciki, wadda ta samo asali daga gasar tseren motoci ta Jamus mai suna DTM, ta rushe a ƙarshen 1996 bayan Opel da Alfa Romeo sun janye saboda tsada. Ga direbobi, ga injiniyoyi, ga kuɗi, babu inda za a yi tsere. Sai hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta buɗe sabuwar gasar GT a 1997, da sharaɗin cewa duk mai son shiga babban rukuni, GT1, ya ƙera aƙalla motoci 25 na titi irin wadda zai yi tsere da ita.

Aka ba AMG aikin, kamfanin ƙara wa motocin Mercedes ƙarfi da Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher suka kafa a 1967, mai mazauni a Affalterbach kusa da Stuttgart. Cikin kwana 128 suka tashi daga zane zuwa mota mai tafiya. Mu da ke jiran kayan gyara wata biyu mun san nauyin wannan adadi. Don rage lokaci har McLaren F1 GTR ta tsere suka saya a hannun wata ƙungiya, suka canza mata jiki, suna gwada dabarunsu a kanta kafin tasu ta kammala.

Farkon kakar 1997 bai yi musu daɗi ba, McLaren ce ta cinye tsere uku na farko. Daga tsere na huɗu, a filin Nürburgring na Jamus, labari ya sauya. Cikin tsere 11 Mercedes ta ci 6, Bernd Schneider ya zama zakaran direbobi. A 1998 suka fara da CLK GTR, sannan suka sauya zuwa ƙanwarta CLK LM mai silinda 8, suka cinye tsere 10 cikin 10, Klaus Ludwig da Ricardo Zonta suka ɗauki kambu. Le Mans kaɗai ta gagare su a shekarar, motocinsu biyu suka tsaya tun da wuri, Porsche ta lashe. Amma a gasar FIA cin ya yi yawa har abokan hamayya suka watse, aka soke rukunin GT1 a 1999.

To ga abin da nake so ka riƙe. Motocin titin ba su ne manufa ba, kuɗin shiga fili ne. Har an fara tsere an ci kofi kafin a gama ƙera su. A 1998 da 1999 aka haɗa guda 20 masu rufi, daga 2002 kuma kamfanin HWA, wanda Aufrecht ya kafa bayan Mercedes ta karɓi ragamar AMG, ya haɗa guda 6 marasa rufi. Ga 26 ɗinka nan. Sarkin Brunei na cikin waɗanda suka saya, nasa ma masu sitiyari a dama ne. Farashinta sabuwa ya haura dala miliyan 1.5, har littafin Guinness ya rubuta ta a matsayin motar kasuwa mafi tsada a lokacin.

Japanawa ma sun bi ta wannan ƙofa, har sun fi matse ta, domin dokar Le Mans ta fi sassauci wajen adadi. Toyota ta yi GT-One biyu kacal na titi, Nissan kuma R390 guda ɗaya.

Injin da na sani

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne aikinmu.

M120 ya fara fitowa a 1991 cikin W140. Lita 6 ne, silinda 12 a jere biyu, kamshaf huɗu, bawul 48, ƙarfin doki wajen 400. Na farkon nan in ka buɗe bonet za ka ga kusan komai bibbiyu ne: distiribita biyu, abin auna iska biyu, ƙwaƙwalwar mai da ta wuta, wato kwamfutocin da ke sarrafa su, kowane ɓangare da tasa. Tamkar inji biyu masu silinda shida-shida ne da suka yi tarayya a kan karanshaf ɗaya.

Wata rana aka kawo mini wata S600, mai ita ya ce tun da aka wanke mata inji ta daina ja, tana kuma shan mai fiye da kima, amma ba ta girgiza ko kaɗan. Na tada ta da sanyin safiya, na ba ta minti guda, sai na kai bayan hannuna kusa da bututun hayaƙi na dama. Zafi ya bugo ni. Na zagaya hagu, na kai hannu, har na taɓa ƙarfen da yatsa: sanyi ƙalau. Na kwance fulogi ɗaya daga wannan ɓangaren, ya fito a jiƙe sharkaf, warin ɗanyen fetur ya cika mini hanci. Masu wanki sun fesa ruwa mai ƙarfi ya shige murfin distiribita ɗaya. Kwana huɗu bawan Allah yana yawo da rabin inji bai sani ba, saboda silinda shida a jere daidaitattu ne da kansu, ba sa rawa. Ranar na ƙara girmama wannan inji. Abin da ke tafiya lami lafiya da rabinsa, ka ƙiyasta abin da zai yi in an sake masa mara gaba ɗaya.

AMG sun sake masa mara. Na tseren ya tsaya a lita 6, yana ba da ƙarfin doki kimanin 600. Na titin aka faɗaɗa shi zuwa lita 6.9, yana ba da 612. Za ka yi mamaki yadda na titi ya kai ko ya ɗara na tsere. Dalili shi ne a gasar, hukuma na tilasta sa wani ƙaramin zobe a maƙogwaron iska don daidaita ƙarfin motoci. Inji kuwa numfashi ne: iya iskar da ya shaƙa, iya man da zai ƙona. Na titin ba a shaƙe shi ba. Inda ta tseren ta yi fintinkau shi ne nauyi, ita tana wajen kilo 1,000, ta titin kuwa kilo 1,440. Duk da haka ta titin na kaiwa gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.8, ƙarshen gudunta kuma ya kai kilomita 320 a awa. Akwai wasu ƙalilan da aka sa wa lita 7.3. Dangin wannan injin ne kuma Horacio Pagani, ɗan asalin Ajantina mai kamfani a Italiya, ya ɗauka ya sa a motarsa Zonda tun daga 1999.

Akwai wani abu da injin tsere ke buƙata wanda na gida bai damu da shi ba. In mota ta shiga kwana da mugun gudu, baƙin mai yakan kwashe ya koma gefe guda na kwanon ƙasa, kamar ruwa a bokiti in ka yi juyi da shi. Famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu, metal, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kai, ya tafi. Shi ya sa injinan irin wannan aiki ke ajiye baƙin mansu a tanki dabam, famfuna na kwashe shi daga ƙasan inji suna mayarwa. Wannan kuma na ba da damar a sauke injin ƙasa sosai, motar ta ƙara zama daram.

Dalilin da ya sa take kamar an danne ta

Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi bai kai mita 1.2 ba, faɗinta kuwa ya kusa mita 2. Ka taɓa fitar da tafin hannu ta taga mota na gudu? In ka karkata shi sama iska ta ɗaga shi, in ka karkata ƙasa ta danne shi. Dukkan jikin motar nan, daga leɓen da ke ƙasan hanci, zuwa shimfiɗaɗɗen cikinta, zuwa fiffiken baya, an yi shi ne don iska ta danna tayoyi a kwalta. Gwargwadon gudu, gwargwadon riƙo. Tayar baya faɗinta milimita 345, ka kwatanta da 195 na ƙananan motocin da ke shigowa garejinku.

Wannan ilimi ba shi da yafiya. A 1999 magajiyarta, CLR, ta tashi sama kamar takarda har sau uku a Le Mans: sau biyu da Mark Webber kafin tsere, sau ɗaya da Peter Dumbreck ana tsaka da tsere, ya wuntsila ya faɗa bayan shinge cikin itatuwa. Allah ya kiyaye, dukansu sun rayu. Hanci ne ya ɗan ɗaga a kan tudu, iska ta shiga ƙarƙashi, abin da ke danne mota ya koma ɗaga ta. Mercedes ta janye sauran motarta nan take ta rufe shirin.

Batun hawa titi

A doka, ƙwarai ana hawa. Tana da lamba, fitilu, sigina, hon, har da na'urar sanyaya ɗaki, kujerun fata, da na'urar hana taya zamewa. An ma yi mata ƙananan ma'ajiyai biyu a ƙasan ƙofofi don ɗan kaya.

A aikace kuwa sai an yi haƙuri da ita. Ƙofar sama take ɗagawa, dokin ƙofar kuma faɗi gare shi, domin gefen kwamin nan ne, sai ka zauna a kai ka zura ƙafa ka sulale ciki. Kujerun biyu a matse suke, kafaɗa na gogar kafaɗa. Giyar shida ce, bi da bi take shiga kamar ta babur, ana canza ta da 'yan maɓallai a bayan sitiyari, ga kuma kuloci a ƙafa. Irin wannan giya gudu take so. A cunkoso tana shiga da ƙara da fizga, kulocin kuma na cin wuta. Tunda injin a jikin kwamin yake ɗaure, duk motsinsa a bayanka zai sauka, ga ƙarar haƙoran giya a kunne. Baya kuwa kusan ba a gani. Shokazoba da sifirin masu tauri ne ƙwarai, dole su kasance haka, don in sun yi laushi iskar da ke danne motar za ta manna cikinta da ƙasa.

Ka ɗauki hanyar da kake bi zuwa gareji kullum ka ƙirga tudun rage gudu, ramuka, da gangaren shiga gidan mai. Kowanne ɗaya zai iya fasa leɓen gaban nan, kuma zaren kabon ba ya lanƙwasa balle mai gyaran bodi ya buga ya miƙe, tsagewa yake yi, wani lokaci a ciki inda ido ba ya gani. Sannan injin na son fetur mai daraja ta sama, wanda ba ya saurin kamawa da kansa in an matse shi. Ko a Turai masu ita a babbar mota suke ɗaukarta zuwa filin tsere ko wurin baje koli, su ɗan zaga, su mayar.

A ganina, kuma ra'ayina ne, a matsayin motar titi McLaren F1 ta fi ta nesa ba kusa ba, domin ita don titi aka haife ta, tana da wurin kaya na gaske da giyar hannu ta sosai. CLK GTR kuwa darajarta ita ce ba a ɓoye asalinta ba. Wanda ya zauna cikinta ya zauna kusan inda Schneider ya zauna.

Abin da ya sa kuɗinta ke hawa

A 2018 an yi gwanjon mai rufi guda a Monterey ta Amurka kan dala miliyan 4.5. A Nuwamban 2023 aka sayar da mara rufi a Las Vegas kan dala miliyan 10.2, wataƙila ita ce ka gani a bidiyon. Ƙarancinta na ciki, nasarar da ta yi na ciki, amma babban dalili shi ne ƙofar da ta shigo ta ciki an rufe ta. Manyan motocin Le Mans na yau ba a tilasta musu yin 'yan'uwa na titi. Akwai sabbin motoci masu jinin tsere, kamar Mercedes-AMG One da aka yi guda 275 da injin Formula 1, sai dai ita an yi ta ne don masu saye, ba wata gasa da ta shiga.

Kada ka ɗauka ajiye irin wannan mota hutu ne. Mota ba ta son zama. Na sha karɓar manyan motoci da suka shekara biyu a rufe da tamfol, mai su na alfahari da ƙarancin kilomita, mu kuwa muna ganin aiki: fetur ya zama danƙo a tanki da nozul, robobin da ke tare mai sun bushe sun tsattsage, man birki ya sha laima, taya ta kwanta gefe ɗaya. In haka ta faru da motar da kayanta ke kasuwa, da sauƙi. Motar da 26 ce a duniya, wani ƙarfen sai an sake ƙera shi daga zane. Don haka masu irinta ke biyan ƙwararru su riƙa tada ta, su ɗumama ta, su canza mata mai bisa kalanda ko da ba ta taka ko'ina ba.

Kai kuma, duk ranar da tsohuwar S600 ta shigo garejinku, roƙi ogan ku ya bar ka ka tsaya a kanta. Ka bi wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya har 12, ka gano wace ƙwaƙwalwa ke kula da wane ɓangare kafin ka cire komai, ka sa alama a kowane soket. Kada ka yarda a cire mata tamostat da sunan maganin zafi, kada kuma a cika lagireto da ruwan rijiya zalla, domin injin alminiyam ne, ruwa mai gishiri yana cin sa ta ciki. In an tada ta da safe, kai bayan hannunka kusa da bututun hayaƙi na dama, sannan na hagu, ka ji ko zafinsu ya zo ɗaya.